Uwata, Ki Shiga Ajin da Ƙafarki

Assalamu alaikum Uwata,

Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yaran. Mu nan sai godiya, in ban da gwiwar nan da ke tashi duk sanyi ya shigo. Na rubuto ne don in na kira ki a waya sai ki yi ta "to Baba, to Baba" har katin ya ƙare ban ji abin da ke ranki ba.

Goggonki ta dawo daga wajenku ranar Laraba. Cikin hira, ba wai ƙara ta kawo ba, ta ce ta ji ki da wata ƙawarki kuna zancen wani mai shagon buga takardu, wai in aka ba shi take da kuɗi zai haɗa kundi tun daga babi na ɗaya har na biyar, har da alƙaluman da za a ce an samo daga makarantu. Ta ce ke dai dariya kika yi. Dariyar nan ce ta hana ni barci tun ranar.

Kin gaya min bincikenki na digiri na biyu a kan koyar da Turanci ne a aji huɗu na firamare, kuma na ji daɗin zaɓin. A 1977 tsarin ilimi na ƙasa ya ce a fara wa yaro da harshen gida, daga baya Turanci ya karɓi ragama, a zamaninmu daga aji huɗu ke nan. Wannan gaɓar na fi sani a duk aikina. Lokacin da Obasanjo ya buɗe ilimin firamare kyauta a 1976, yara suka kwararo, aka tura mu azuzuwa tawadar takardunmu ba ta gama bushewa ba. Na taɓa riƙe aji mai yara sun fi tamanin, rabi a ƙasa kan tabarma, littafi ɗaya a hannuna. In faɗi jimla su amsa da ƙarfi har hedimasta ya leƙo yana murmushi. Ran nan na ɗaga wani yaro da muryarsa ta fi ta kowa, na ce ya gaya min da Hausa abin da ya faɗa. Ya sunkuyar da kai yana murza gefen rigarsa. Wata uku yana rera abin da bai san ma'anarsa ba, ni kuma ina rubuta cewa an gama darasi.

Mai shagon nan zai ga wannan yaron? A kujerarsa zai zauna ya ƙirƙiro miki cewa kashi kaza na malamai sun yarda, kashi kaza ba su yarda ba. Ko takardun tambayoyin da za ki raba da hannunki ma kada ki jingina da su kaɗai. Na cike irinsu da yawa, na san malami yakan zaɓi amsar da ta fi kyau a ido. Ki nemi izinin sakataren ilimi da na hedimasta, ki zauna a bayan aji sati da sati har yara su daina waiwayenki. Ki ƙirga minti nawa malami ke magana, minti nawa yaro ke haɗa jimlar kansa. Ki lura da inda malamin ke komawa Hausa, da abin da ya sa ya koma. Ki saurari yadda harshenmu ke jan nasu, "fan" da "pan" su zama abu ɗaya a bakin yaro. Makaranta biyu ko uku da kika sani ciki da bai sun fi ashirin da kika gani a takarda. Kuma kada ki sa sunan malamin kowa, amana suka ba ki.

Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a Ife, daga 1970 suka fara bin yara shekara shida ana koyar da su da Yarbanci, Turanci kuma darasi ne mai zaman kansa da malamin da aka horar dominsa. Har yau ana kafa hujja da aikin don da yara na gaske aka yi shi.

Na san kina riƙe da ni kan zancen banakula. E, na ci tarar yara don sun yi Hausa a aji, har bulala na yi. Haka aka horar da mu, kuma ina ganin ƙofar da ke gabansu: ba kiredit a Turanci, ba jami'a. Ban yi don mugunta ba. Amma da a lokacin wani ya zauna a bayan ajina ya rubuta gaskiyar abin da ya gani, da wataƙila na sauya tun da wuri.

Abin da nake tsoro ke nan, Uwata. Kundin ƙarya ba ya tsayawa a kan mai shi. Za a ajiye shi a laburare, ɗalibi na gaba ya ɗauka ya ɗora nasa a kai. Gobe ke ce za ki duba aikin wasu, da wane ido za ki kalli wanda ya kawo miki na saye? Wallahi ba don ki sayo takarda na rabu da gonar fadama ba, kuma kin san abin da 'yan'uwana suka ce a lokacin. In har kin riga kin ba mutumin nan ko sisi, ki bar masa, kada ki sake taka shagonsa. Gara ki ƙara shekara.

Na san da nauyi a kanki, ga goyo ga aiki, ga mai duba aikin naki ba kullum ake samunsa ba. Wataƙila ma dariya ce kawai, ni ne tsufa ya sa nake zargi. In haka ne ki yafe min. Innarki ta ce ki kawo mata yaran duk ranar da za ki makarantun. Ni kuma tsofaffin littattafan shirin darasina suna nan cikin akwatin ƙarfe, asu bai taɓa su ba, zan ba direba ranar Asabar tare da daddawar.

Ki kira ni bayan sallar Isha'i.

Babanki