Kwandalar Tunawa da Malam Aminu Kano

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahotonku kan kwandalar rand 5 da Babban Bankin Afirka ta Kudu ya fitar a 2018, domin cikar Nelson Mandela shekara 100 da haihuwa. Abin da ya fi burge ni shi ne ba a kulle ta a gidan tarihi ba. An sake ta cikin kasuwa, tana yawo daga hannun direban tasi zuwa na mai sayar da burodi.

A nan gida kuwa, hoton ɗan kishin ƙasa Herbert Macaulay na kan kwandalar naira 1, amma yaushe rabon da wani ya karɓe ta a kasuwa? Na tambayi yaran unguwarmu, babu wanda ya taɓa ganinta, balle ya san mutumin. Tsadar rayuwa ta kashe darajar kwandalar, karramawar ma ta tafi tare da ita.

Malam Aminu Kano, wanda ya jagoranci jam'iyyun siyasa na NEPU da PRP, ya ƙare rayuwarsa yana fafutukar ƙwato wa talaka 'yanci, har yau ba ya kan kowane kuɗin Najeriya. Shekarar 2020, da ya cika 100 da haihuwa, ta wuce ba a sa shi a kan kuɗi ba, kuma abin ya yi mini ciwo.

Ina roƙon Babban Bankin Najeriya da Majalisar Dokoki ta Ƙasa su fara shiri tun yanzu, domin a 2033 zai cika shekara 50 da rasuwa. A buga kwandala mai darajar da za ta sayi wani abu a shago, a rubuta sunansa da boko da ajami.

Naka,
Wani mai karatu daga Kano