Sanarwa kan gwajin kaki

Salamu alaikum iyaye da ƴan'uwa na Nima da Mamobi. Magana ce kan yaranmu masu sistik faiburosis, ciwon gadon nan mai sa majina ta yi kauri a huhu. Akwai ƙwayoyin cuta ƴan'uwan na tibi masu iya kama huhun yaran nan, a ruwa da ƙasa suke zama, kuma gwajin tibi na GeneXpert ba ya kama su. To in an ce ba tibi ba ne, kada a naɗe tabarma tukuna. Sai an shuka kakin a ɗakin gwaji don a ga ko ƙwayoyin za su tsiro, a jira kamar mako 6. Kaki ɗaya bai isa ba, aƙalla biyu, da hoton huhu na CT. Yaron da ke shan maganin azithromycin a faɗa wa likita, don yakan ɓoye ƙwayoyin. Masu zuwa asibitin Korle Bu, ku tafi da kakin safe, kwalba a rufe ruf.