Kun cika mu da zancen dandaƙa, kun manta da ranar beli

Assalamu alaikum Edita.

Na saurari shirinku na daren Laraba daga farko har ƙarshe, kuma wallahi da ɓacin rai na kashe rediyon. Awa guda cur baƙonku yana nanata dokar Kaduna ta 2020 kan masu fyaɗe, a dandaƙe, a kashe, masu bugo waya suna ta kabbara. Ba wanda ya tambayi abin da ke faruwa ranar da aka ba mutumin beli ya dawo unguwa.

Mu mun ga wannan ranar. 'Yar ƙanwata ce, shekararta tara. Wanda ya lalata ta mai shago ne a bakin layinsu, mako uku ya yi a tsare, sai ga shi ya dawo ya buɗe shagonsa yana zaune kan benci yana sauraren rediyo. Yarinyar nan ta daina bin layin. Idan za ta Islamiyya sai ta zagaya ta bayan makabarta, allonta a rungume a ƙirji, uwarta na bin ta a baya. Ta koma fitsarin kwance. Dattawan unguwa suka ce a rufa asiri, ai yarinya ce, gobe za ta nemi miji. A ƙarshe ƙanwata ce ta kwashe kayanta ta bar gidan da ta biya hayar shekara, shi kuwa yana nan.

Sai bayan sun tashi wata lauya ta faɗa mana cewa dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wato VAPP, wadda ke aiki a nan Abuja, ta ba kotu ikon bayar da umarnin kariya. Alƙali zai iya hana mutum zuwa gidan wadda ya cuta ko wurin aikinta, har ma akwai na wucin gadi kafin a gama sauraren ƙara. Kuma ba lallai sai wadda aka cuta ta nema da kanta ba. Malamin makaranta ko ma'aikacin lafiya ko ɗan sanda zai iya nema a madadinta, idan kuma yarinya ce ƙarama ko mai taɓin hankali ba a jiran amincewarta. Ranar da na ji haka kuka na yi. Duk zaryar da muka yi ofishin 'yan sanda da asibiti, babu mutum ɗaya da ya buɗe baki ya ce mana akwai wannan hanya.

Me ya hana baƙonku ya faɗi wannan? Ko rajistar masu fyaɗe da hukumar yaƙi da safarar mutane, NAPTIP, ta buɗe a 2019 bai ambata ba, alhali masu makarantu suna ɗaukar malamai da masu gadi ba tare da sun san tarihinsu ba. Ku sake shirin, ku kawo lauya mace, ta yi mana bayani da Hausa dalla-dalla: wace kotu ake zuwa, wace takarda ake cikewa, wa ake gani.

Sannan don Allah ku daina yanke magana irin wannan kuna sako tallar maganin ƙarfin maza. Sau uku aka sako ta a daren nan, ɗaya ma wata uwa tana tsakiyar kuka a waya.

Wassalam.

Mai sauraronku,
wata uwa daga Gwagwalada