Malam Edita, girkin nyoki da kuka buga yana buƙatar gyara

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da duk ma'aikatan wannan jarida, musamman Anti mai kula da shafin girke-girke wanda bana bari ya wuce ni. Na rubuto ne akan girkin da kuka kawo kwanakin baya, dunƙulen naman kaza da nyoki, wato ƙananan curin dankalin turawa da fulawa, cikin miyar kirim ɗin madara irin na Italiya, wanda ake yi a tukunyar lantarkin nan mai dafa abinci a hankali. Wallahi naji daɗi da na ganshi dan girki ne da na daɗe ina yi kuma ina matuƙar sonshi, amma akwai layi ɗaya a ciki da ya hana ni sukuni, inda akace a zuba komai lokaci guda, naman da nyokin da kirim da cuku da ganye, a rufe a tafi aiki sai bayan awa 8 a dawo a ci. Dan Allah a gyara wannan layin, duk wadda ta bi shi asarar kayanta zata yi kuma ƙila daga ranar ta yanke cewa abincin ne bashi da daɗi, alhali ba haka bane.

Ni ma haka na fara yi shekarun baya. Na zuba komai da safe na fita, da yamma na dawo gidan ya cika da ƙamshi har yara sun jera faranti, ina ɗaga murfin naga mai ya taso sama yayi rawaya daban, kirim ɗin ya tsinke ya zama ƙananan gudaji farare suna yawo, na sa ludayi ina neman nyoki ko guda ɗaya ban samu cikakke ba, duk ya narke ya kwanta a ƙasan tukunya ya kwaɓe yana danƙo, naman kuma ya bushe ƙamas duk da a cikin ruwa ya wuni. Raina ya ɓaci sosai ranar, shi yasa na zauna na bi dalilin kowane ɗaya har na gane.

Shi nyoki, wanda Italiyawa ke rubutawa gnocchi, ba komai bane illa dafaffen dankalin turawa da aka murƙushe aka haɗa da ɗan fulawa wani lokaci da ƙwai, aka murza aka yanka ƙanana. Kinga ai dankalin ya riga ya dahu tun kafin a cura shi, ɗan fulawar ce kawai ta rage, shi yasa in aka jefa shi a tafasasshen ruwan gishiri minti 2 zuwa 3 sai ya taso sama, tasowar nan ita ce alamar ya yi. To abun da ke dahuwa a minti 3 ya za'ayi ya jure awa 8 a cikin romo? Sitacin jikinshi zai ta shan ruwa yana kumbura har ya wargaje. Italiyawa fa basa wasa da wannan abincin, a birnin Rum al'ada ce ranar Alhamis ake cinshi, a birnin Verona akwai Juma'a guda a bikinsu na shekara da aka ware dominshi, har waɗanda suka yi ƙaura zuwa Ajantina da Uruguwai sun tafi da shi, a can ranar 29 ga kowane wata ake ci. Dankalin ma sai a ƙarni na 16 ya shigo Turai daga Kudancin Amurka, kafin nan da fulawa ko ɓarɓashin burodi suke yi. Abun da mutane suka riƙe da daraja haka bai kamata mu koya wa masu karatu narkar da shi ba.

Ita kuma tukunyar ba dan irin wannan aka ƙirƙiro ta ba tun asali. Wani mutum a Amurka mai suna Irving Naxon ne ya samu rijistar ƙirƙirarta a 1940, kuma dan dafa wake yayi ta, daga baya kamfanin Rival ya saya ya fito da ita da sunan Crock-Pot a 1971. Aikinta shine ta ɗauki abu mai tauri, wake ko nama mai jijiya, ta bishi a hankali da zafin da baya wuce na tafasar ruwa har ya yi laushi. Niƙaƙƙen naman kaza bashi da jijiyar da za'a jira ta narke, in ya dahu ya dahu, duk abun da ya biyo baya ruwan jikinshi ne ke fita. Dan haka awa 4 a ƙaramin zafi ko awa 2 a babban zafi sun isa, ni ban taɓa wuce haka ba tun daga waccan ranar.

Bari in faɗi yadda nake yi ko Anti zata duba. Niƙaƙƙen nama gram 500 nake ɗauka kuma na cinya, dan tsokar ƙirji bata da kitse tana saurin bushewa, in ƙirjin ne kawai a hannu to a ƙara cokali ɗaya na man zaitun a ciki. Sirrin laushin dunƙulen yana wajen burodi, yanka 2 a cire ɓawon a jiƙa da madara kamar cokali 4 a barshi minti 5 ya sha, a murje shi da cokali mai yatsu sannan a haɗa da naman, wannan jiƙaƙƙen burodin shi ke riƙe danshi ya hana naman matsewa ya zama kamar roba. Sai ƙwai 1, tafarnuwa ƙwaya 2 da aka goge, gogaggen cuku kamar gram 40, ganyen fasili yankakke, gishiri ƙaramin cokali ɗaya, masoro, da ɗan ganyen ƙamshi na oregano. A haɗa da hannu a hankali, da zaran ya haɗe a tsaya, yawan murza shi ke sa tauri. Kwaɓin kaza yana manne wa hannu sosai fiye da na naman shanu, sai ki jiƙa tafinki da ruwa ko ki shafa mai kafin kowane curi, zaki samu kamar guda 20 daidai girman ƙwallon tebur, in da hali ki sa su a firji minti 20 su ɗan kama jikinsu.

Abun da girkin naku ya tsallake gaba ɗaya kuma shine suya, nan ne nafi jin zafi gaskiya. Na san dalili, ana son a nuna cewa babu wahala, amma minti 8 ne fa kacal. Ki ɗora kasko da man zaitun cokali 2, in yayi zafi ki jera dunƙulen kar su taɓa juna, ki ƙyale su kar ki motsa har sai sun saki kaskon da kansu, sannan ki juya. Ba dafa su ake son yi ba, jan nan na waje kawai ake nema. Wannan jan da ƙamshin da ke zuwa da shi sai zafi ya kai wajen digiri 140 a ma'aunin Celsius yake samuwa, wani masanin kimiyya Bafaranshe Maillard ne ya fara bayanin yadda abun ke faruwa a 1912, ita kuma tukunyar tamu ko kwana tayi a kunne bazata wuce 100 ba tunda ruwa ne a ciki. Kenan abun da baki samo a kasko ba bazaki same shi a tukunya ba. Bayan an kwashe naman kar a wanke kaskon, a zuba albasa ɗaya yankakkiya a ciki ta yi laushi, a ƙara tafarnuwa, sai a tsiyaya romon kaza a kankare duk abun da ya kama a ƙasa da cokalin katako, zaki ga romon ya canza kala nan take. Wasu littattafan girki suna cewa a sa farar giya a wannan gaɓar, ni bana sawa, ɗan tsamin ake nema kuma matsin rabin lemun tsami a ƙarshen girki yana bada shi.

Daga nan a juye a tukunya, romo gaba ɗaya kamar rabin lita, da busasshen tumatur irin wanda ake jiƙawa a mai in ana so, a jera naman a rufe. Kar a cika ruwa dan tukunyar bata ƙone ruwa kamar ta kan wuta, tururin komawa yake yi ta jikin murfi. Kuma a daure a bar murfin nan, kowane leƙe zafi ne ke gudu.

In saura rabin awa a ci sai a mayar da ita babban zafi a zuba nyoki gram 500, irin na leda da ake sayarwa, a danna shi ya nutse a romon a rufe. Daga minti 20 a fara ɗanɗanawa, ana son yayi laushi amma yana da ɗan jiki a haƙori, kuma wannan ɗan sitacin da zai saki a wannan lokacin shi zai ba miyar kauri ba sai an nemi wani abun kauri ba. In na gida kika yi da hannunki, dankali kilo 1 da fulawa kamar gram 250 zuwa 300 da ƙwai 1, to shi ya fi laushi nesa ba kusa ba, kar ma ya shiga tukunyar ɗanye, a dafa shi daban a ruwan gishiri a tsame in ya taso a zuba dab da za'a ci.

Kirim shine na ƙarshe. Madara da danginta in suka daɗe akan zafi, balle ga gishiri ga tsamin tumatur, furotin ɗinsu ne ke dunƙulewa ya rabu da ruwa da mai, shine tsinkewar da na gani ranar. A samu kirim mai kauri wanda kitsenshi ya kai kashi 35 ko sama dan shi yafi jure zafi, mililita 200, a fito da shi daga firji tun da wuri ya huce, a ɗebi ludayi ɗaya na romon zafi a dama a ciki tukun sannan a juye a tukunya, a ƙara cuku kamar gram 50 da alayyahun turawa cikin hannu biyu. Zaki ga ganyen ya yi tsiri a tukunya kamar bazai shiga ba, minti 5 ya kwanta, minti 10 an gama. Lemun tsami sai an kashe tukunyar. Akan cukun, na Parmigiano shine asali, wanda ake yi a yankin Parma da Reggio Emilia kuma doka ce sai ya shekara a ajiye kafin ya amsa sunan, yana da gishiri sosai dan haka a ɗanɗana kafin a ƙara gishiri. Ya kamata kuma a sani cewa abun da ake daskarar da madararshi daga tumbin ɗan maraƙi ake samo shi, wanda wannan ya dama sai ya duba takardar jikin cukun, akwai masu kama da shi da ba'a sa na dabba ba.

Sai maganar lafiya wadda ita ce tafi komai, kuma a nan ma naga an rubuta cewa za'a iya zuba naman daga firiza kai tsaye. Malam Edita wannan haɗari ne. Ma'aikatar noma ta Amurka ta daɗe tana gargaɗin a narkar da nama kafin ya shiga irin wannan tukunyar, saboda a hankali take ɗaukar zafi, daskararren nama zai daɗe a ɗumin da ƙwayoyin cuta ke hayayyafa wato tsakanin digiri 4 da 60. Naman kaza kuma sai cikinshi ya kai digiri 74, niƙaƙƙe ma yafi buƙatar kula tunda abun da ke waje an riga an cakuɗa shi ya shiga ciki. Mai ma'aunin zafi ta soka a tsakiyar mafi girma, wadda bata da shi ta fasa ɗaya ta duba. Ragowar abinci ya shiga firji kafin awa 2, kuma kar a ɗumama shi a tukunyar, a ɗora a wuta da ɗan romo dan nyokin zai shanye miyar kafin safe.

Na san wata zata ce to ni da nake fita ƙarfe 7 in dawo 5 fa, ai dan haka na sayi tukunyar. Gaskiya ne kuma ina tausayinta dan ni ma haka nake. Akwai tukwanen da ke da agogo, in lokacin ya cika su koma ɗumi da kansu, da irinsu za'a iya saita awa 4 a tafi, naman zai ɗan ƙara bushewa amma ba kamar na awa 8 akan zafi ba, in an dawo ayi na nyoki da kirim kafin a gama cire takalmi a watsa ruwa. In babu irinta gara a bar wannan girkin sai ranar hutu.

Ƙaramin abu na ƙarshe, an rubuta cewa abincin gargajiyar Italiya ne, ina ga a ce irin na Italiya kawai zai fi daidai. Su a can dunƙulen nama da suke kira polpette galibi shi kaɗai suke ci a faranti daban, haɗa shi da taliya ko nyoki cikin miya mai yawa abun Italiyawan Amurka ne, waɗanda sama da miliyan 4 suka ƙaura can tsakanin 1880 da 1924 suka tarar da nama a wadace. Wannan bai rage mishi komai ba a wurina, har gobe in na ɗaga murfi naga miyar tayi sumul ta rufe bayan cokali kuma nyoki kowanne yana nan da zanen cokali mai yatsu a jikinshi, daɗi nake ji.

Ina roƙon a sake buga girkin da waɗannan gyare-gyaren, a saka awo da gram da mililita maimakon a ce kofi kawai tunda kofi kala-kala ne, kuma a sa layin narkar da nama da manyan baƙaƙe. A gaida min Anti sosai, Allah Ya ƙara basira.

Wassalam,
Taku mai bibiyar shafin girki kowane mako.