Maganar ciwon sanyi: a riƙa yi wa mazan ma faɗa

Assalamu alaikum Edita, ya aiki ya jama'a. Na saurari shirinku na lafiya da aka yi kan ciwon sanyi kuma na ji daɗi da aka taɓo maganar, Allah ya saka da alheri. Amma gaskiya akwai abin da ya tsaya min a rai, tun farkon shirin har ƙarshe mata kawai ake ta yi wa faɗa, ku dinga tsafta, ku daina shiga banɗakin haya, ku daina tsarki da ruwan sanyi, amma ba wanda ya ce uffan kan maigida. Ni nas ce a ɓangaren awo da haihuwa, don haka abin da nake gani ne zan faɗa.

Da farko dai ba kowane farin ruwa ko ƙaiƙayi ne ake ɗauka wajen miji ba, wani yana zuwa da kansa musamman ga mai ciki ko mai ciwon suga, kar a je a kashe aure a banza. Amma wanda likitoci ke kira gonoriya ƙwayar bakteriya ce kuma ta hanyar saduwa take yaɗuwa, ba ta iya daɗewa a wajen jikin mutum ballantana a ce a bakin masai aka kwaso ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 kaɗai mutum sama da miliyan 82 ne suka kamu da ita.

Shi namiji yawanci cikin 'yan kwanaki zai ji fitsari na yi masa zafi, ya ga mugunya a wando, sai ya lallaɓa kemis da daddare ya rage murya ya ce a haɗa masa na infekshan, ya sha kafso kwana biyu zafin ya lafa shi ke nan ya warke a ganinsa, bai faɗa wa kowa ba. Ita kuwa matar mafi yawan lokaci ba ta jin komai, cutar tana nan tana hawa sama daga bakin mahaifa har bututun da ƙwai ke bi, ta yi kumburi ta bar tabo bututun ya toshe. Daga nan sai ciwon mara da ba ya ƙarewa, ko ciki ya zauna a cikin bututu maimakon mahaifa ya fashe a kawo mana ita jini na zuba a ciki sai tiyatar gaggawa, ko kuma haihuwar ta tsaya cak. To a nan ne abin ke ƙona min rai Edita, don dangin miji za su fara cewa juya ce, a matsa masa ya ƙara aure, amarya ta shigo da lafiyarta ita ma ta kwasa. Gida mai mata uku in an yi wa ɗaya magani an bar sauran da mijin, wallahi asarar kuɗi kawai aka yi, kwananta na zagayowa za ta sake ɗauka.

Mazan ma ba su tsira ba fa, cutar tana kumbura maraina, tana ƙuntata hanyar fitsari har mutum ya koma sai da roba, wani lokaci ta shiga jini ta kama gaɓoɓi.

Wanda ya fi ba ni tausayi jariri ne. Uwa mai cutar in ta haihu, kwana biyu zuwa biyar sai ka ga idon yaro ya kumbura ya liƙe, in ka ɗan buɗa fatar mugunya ce ke bulbulowa. Kaka ta ce a ɗiga masa nono ko a sa kwalli, a yi ta jira sai bayan suna, alhali wannan idon yana iya mutuwa cikin ƙanƙanin lokaci. Don Allah duk wadda ta ga haka ta ɗauko shi asibiti a ranar.

Sannan shan magani barkatai ɗin nan ya sa ƙwayar ta yi taurin kai. Penisilin da tetrasaikilin da sifiro duk sun daina cin ta a wurare da yawa, yanzu allurar ceftriaxone ce abin dogaro, ita ma a 2018 an samu wani mutum a Ingila da ta ƙi yi masa aiki. Kuma sau da yawa gonoriya tare take tafiya da wata mai suna kilamidiya wadda maganinta daban ne, ga tunjere ita ma da nata gwajin da nata allurar, mai kemis da bai gwada ka ba ta ina zai san wacce ce? Masu lasifika a kasuwa da ke cewa jarka ɗaya na wanke sanyi kowane iri, ku ma gidajen rediyo ku ji tsoron Allah wajen karɓar tallansu.

Roƙona shi ne ku sake shirin, ku kawo likita namiji ya yi wa maza magana kai tsaye, cewa in an ba matarka takarda daga asibiti an ce ka zo, ka zo, ba tonon asiri ba ne kuma ba wanda zai tambaye ka inda ka samo. A yi wa kowa magani lokaci ɗaya, a haƙura da juna kwana 7 bayan an gama, wanda kuma bai ji sauƙi ba ya dawo a sake dubawa. In da hali a gayyato malami ma, don da yawa sun fi jin maganar daga bakinsa.

Na gode, a gaida ma'aikata.

Mai sauraronku, daga Gusau.