Baba Fasto, me zan faɗa wa mahaifiyata game da ceto?

Baba Fasto, gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Allah ya ƙara muku ƙarfi a wannan hidima ta rediyo.

Mahaifiyata ta tsufa, jiki kuma ya ƙi daɗi. Duk rayuwarta ba ta wasa da sujada, ba ta wasa da zakka ko gaida marasa lafiya. Amma yanzu tsoro ya kama ta, wai ba ta san ko abin da ta yi ya isa Allah ya karɓe ta ba. Har laifuffukan ƙuruciya take lissafawa tana hawaye.

Na karanta mata Afisawa 2:8-9, inda Manzo Bulus ya ce da alheri aka cece mu ta wurin bangaskiya, baiwar Allah ce, ba ladan aiki ba. Na tuna mata ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu a Luka 23, wanda ba shi da sauran damar yin wani aikin kirki, amma aka yi masa alkawarin Firdausi a ranar. To, Mama ta fi ni sanin Littafi. Sai ta ce in buɗe Yakubu sura 2, inda aka kira bangaskiyar da ba ayyuka matacciya, da Matiyu 25, inda aka raba tumaki da awaki a kan ciyar da mayunwaci da ziyartar ɗan kurkuku. Bakina ya mutu.

Na san maganar ta daɗe. Tana cikin abin da ya raba Martin Luther, wani malamin addinin Kirista na Jamus, da Ikilisiyar Katolika ta Roma bayan 1517, sai a 1999 Katolika da Lutheran, wato mabiya koyarwar Luther, suka sa hannu a kan matsaya guda game da ceto a Augsburg ta Jamus. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, Bulus da Yakubu dukansu da labarin Ibrahim suka kafa hujja.

A fahimtata, kyawawan ayyuka 'ya'yan ceto ne, ba kuɗin sayensa ba, haka na ɗauki Afisawa 2:10. Da na faɗa mata haka, sai ta ce, “To 'ya'ya nawa ne za su nuna itacen na da rai?” Nan na tsaya cik, domin na ga awon da take gudu ya sake dawowa.

Baba, ta yaya mai bi zai sami tabbacin ceto ba tare da ya koma auna kansa ba? Kuma yaya zan bayyana mata Yakubu ba tare da na rage wa ayar nauyi don in kwantar mata da hankali ba? Tana sauraron shirinku, don Allah ku amsa da harshen da za ta gane.

'Yarku cikin Ubangiji,
Wata mai sauraro