Tafentin Sunan Bishiya Ne Tun Asali

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku domin in yi bayani a kan tafentin, man nan mai kaifin wari da ake tsinka fenti da wanke buroshi da shi, wanda mutane da yawa suke zaton masana'anta ce ta raɗa masa suna.

Tushen kalmar shi ne "terebinthos", sunan da Girkawan dā suke kiran wata ƙaramar bishiya da ke fitowa a ƙasashen bakin Bahar Rum, wadda idan aka tsaga ɓawonta sai ta zubo da ƙaro mai ƙamshi, kuma na tsibirin Kiyos da ke Girka ne ya fi yin suna. Masana harshe suna ganin kalmar ta girmi Girkanci ma, domin ƙarshenta iri ɗaya ne da na sunan birnin Korinthos, wanda Girkawa suka gada daga mutanen da suka riga su zama a ƙasar. Rumawa suka kira ƙaron "terebinthina", Faransawa suka lanƙwasa shi daidai da bakinsu, ya shiga Ingilishi wajen ƙarni na 14, inda ya zama "turpentine", wato tafentin.

To amma ƙaron wannan bishiya bai taka kara ya karya ba, don haka aka koma tatsar itatuwan fayin (pine, masu ganye kamar allura), ana dafa ƙaronsu ana tace man daga tururi. A ƙarni na 19 jihar Karolina ta Arewa a Amurka ta shahara da wannan sana'a. Bishiya ta canza, suna bai canza ba. Wannan ban ga laifinsa ba, tunda duk ƙaro ne. Abin da nake ganin bai dace ba shi ne laƙaba sunan ga sinadarin da ake tacewa daga ɗanyen man fetur, alhali babu abin da ya haɗa shi da itace.

Kalmar ta hayayyafa a kimiyya. A 1866 Bajamushe masanin sinadarai August Kekulé ya ciro kalmar "terpene", sunan wani rukunin sinadarai da ake samu a man tsirrai, daga cikinta, kuma tun a 1846 Bafaranshe Amédée Cailliot ya samo wani asid daga tafentin, mai suna "terephthalic". Da wannan asid ake yin robar goran ruwa mai tambarin PET, kuma harafin T ɗin nan na sunan asid ɗin ne, wato daga sunan bishiyar ya samo asali, ko da yake yau daga fetur ake haɗa asid ɗin.

Naku,
Wani mai karanta jaridarku